Tambayoyin Masu Karatu: Fadama da Tsabtar Kogi, Daga Tiga Zuwa Bosso

Mafi yawan wasiƙun da suka iso mana a wannan watan a kan ruwa suke, kuma kusan dukkansu daga bakin kogi ɗaya suka fito, wanda mutanen Haɗeja ke kira da sunan garinsu, mutanen Gashuwa da Gaidam ke kira Kogin Yobe, na Diffa kuma ke ce masa Komadugu. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko, daga wani malamin makarantar sakandare a Gashuwa: Na ji a rediyo ana cewa fadama tana tace ruwan kogi. Ni dai a sanina fadama wurin shinkafa ce da kiwo da sauro. Ta yaya ƙasar da ita kanta laka ce za ta tsabtace ruwa?

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma da ƙwarya biyu kawai za ka iya nuna wa ɗalibanka shi. Ka ɗebi ruwa daga tsakiyar kogi a watan Agusta, lokacin da yake gudu ja wur kamar kunun jar dawa, sa'an nan ka zagaya bayan fadama, inda ruwan ya ɗauki makonni yana ratsa burugu da bado, ka ɗebo ƙwarya ta biyu. Kafin la'asar za ka ga laka ta kwanta a gindin ta farko, ta biyu kuwa tun daga ɗiba kana hango ƙasanta.

Dalili shi ne, ruwa mai gudu ne ke iya ɗaukar kaya. Da zarar ya tsallake gaɓa ya bazu a fili mai faɗi, ƙarfinsa ya karye, sai ya fara sauke yashi da laka, kuma wannan lakar ba ita kaɗai take tafe ba, domin sinadarin fosfaras na takin zamani da wani kaso na maganin feshi a jikinta suke manne. Inda ta kwanta, nan suke kwantawa, abin da da zai zama guba ga kifi a can gaba sai ya zama taki ga mai shinkafa. Sinadarin naitirojin kuwa, wanda ruwan sama ke wankowa daga gonakin da aka zuba wa yuriya, wata hanya yake bi. A cikin ƙasar da ruwa ya jiƙa ya toshe mata iska akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da shi iska ya tashi, ya bar ruwan gaba ɗaya, abin da ya saura kuma saiwoyin ciyawa su zuƙe. Rana ma tana nata aikin, domin a ruwa marar zurfi haskenta yana kashe da yawa daga ƙwayoyin cutar da suka biyo bayan gida da kashin dabbobi. Ragowar ruwan yana nutsewa ƙasa a hankali ta cikin yashi, kuma shi ne wanda rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi ke sha da rani.

Sai dai ka gargaɗi ɗalibanka da abu guda: ruwa ya yi garau ba ya nufin ya halatta a sha shi haka nan. Dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ya fi son ruwan da ya kwanta a cikin ciyawa, don haka tafasawa da sa magani suna nan a matsayinsu.

Tambaya ta biyu, daga wani manomin tattasai a kusa da Diffa: Iyayenmu sun san lokacin isowar Komadugu da lokacin tafiyarsa. Yanzu wata shekara ya cinye mana gonaki, wata shekara ya makara, kuma idan ya ja baya ragowar ruwan sai ya yi kore ya yi wari. Ana ce mana madatsun ruwan Kano ne suka jawo. Gaskiya ne, ko kuwa ɗora wa na nesa laifi ne kawai?

Alhaji, ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai gaskiya mai yawa a abin da aka gaya maka, amma ba duka laifin ne ke Kano ba. Bari mu bi kogin daga kansa. Manyan rassansa biyu ne. Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta ƙasar Bauchi. Dukansu suna shiga babbar fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, su rarrabu cikin ƙananan hanyoyi da tafkuna, sa'an nan abin da ya tsira ya haɗu kafin Gashuwa, ya wuce Gaidam, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar a ƙarshen tafiyarsa, har ya faɗa Tafkin Chadi a kusa da Bosso da Malam Fatori. Tsawon wannan hanya da jinkirin da fadama ke sa wa ruwa su ne dalilin da ya sa ruwan da ya sauka a Kano da Bauchi a tsakiyar damina ba ya cika kogin a wajenku sai bayan damina ta ɗauke.

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ba a gina su don cutar kowa ba. Birnin Kano yana buƙatar ruwan sha, kuma shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ake lodi zuwa kudu duk daga wannan ruwa suke. Illar ita ce, an juya wa kogin kalandarsa. A da yakan cika maƙil da damina ya mamaye fadama, da rani kuma ya ƙafe har yara su yi wasa a kan yashinsa. Yanzu ana riƙe ruwan damina, ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani, sai fadamar ta rasa abu biyu a lokaci guda: babbar ambaliyar da ke share hanyoyin ruwa, da bushewar da ke kashe ciyawar da ba a so.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciyawar kacala ba ta son komai kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, don haka ta samu gida. Na taɓa shiga kwalekwale a ɗaya daga hanyoyin ruwan da ke nufar Nguru, kacala ta fi tsayin mutum a dama da hagu, hanyar da aka ce da jirage biyu na wucewa kafaɗa da kafaɗa ta koma kamar lungun cikin gari. Duk lokacin da mai tuƙi ya kafa gorarsa ya zare, sai baƙar laka ta taso da kumfa da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan wari alama ce ta cewa iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a ƙasan ruwan. Kacala tana tare laka, lakar tana cike hanya, ruwan sai ya karkata inda ba a saba ba, ya kwanta shekara da shekaru a kan gonakin wasu, ya bar na wasu a bushe, ga kuma tsuntsayen jan-baki da suka mayar da ita masauki suna kai wa shinkafa da gero hari. Sakamakon haka shi ne, kaso mafi girma na ruwan da ke wuce Gashuwa zuwa wajenku a yau daga Jama'are yake fitowa, wanda ba a datse shi da babbar madatsa ba, kuma wannan ne ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar kammala madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, hankalin mutanen Yobe da Borno ke tashi.

Amma koren ruwan da kake gani idan kogi ya ja baya, akwai hannun manoman gaɓar a ciki, na Nijar da na Nijeriya. Tattasai yana cin taki da maganin feshi sosai, kuma ana noma shi har bakin ruwa, ba a bar ko taku biyar na ciyawa ko bishiyoyi tsakanin kunya ta ƙarshe da kogi ba. Takin da ya gangara cikin ruwan da ya daina gudu shi ke ciyar da gansakuka, idan ta mutu ta ruɓe kuma ta cinye iskar ruwan. Barin ɗan zirin ƙasa a bakin gaɓa ba a nome ba, da daina wanke tankin feshi a kogi, abubuwa ne da ba sai an jira wata hukuma ba.

Tambaya ta uku, daga wata ma'aikaciyar jinya a Kano: Idan har fadama tana wanke ruwa, ke nan dattin masana'antun da ke shiga kogi a nan Kano ba abin damuwa ba ne, tunda zai tace kafin ya yi nisa?

A'a, Hajiya, a nan ne rariyar take gazawa. Fadama tana iya narkar da abin da ke ruɓewa, amma ba ta iya narkar da ƙarfe. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, masana'antun fata na zamani kuwa gishirin kuromiyam suke amfani da shi, kuma an daɗe da sanin cewa gurɓataccen ruwa daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa yana bin magudanai zuwa Kogin Challawa, na Bompai kuma yana bi ta Getsi zuwa Jakara. Kuromiyam da dalma da makamantansu idan sun kwanta a laka ba sa zuwa ko'ina, suna nan suna jira, daga nan su shiga latas da alayyafon da aka yi wa ban-ruwa, ko jikin tarwaɗar da ke kiwo a ƙasan ruwa. Maganin irin wannan datti a bakin bututun masana'anta yake, kafin ya taɓa kogi. Duk tsarin kula da fadama da bai fara da wannan ba, mayar da fadamar juji kawai zai yi.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗalibin shari'a a Maraɗi: Shin akwai wata doka da ta ɗaure ƙasar da ke sama da kogi kada ta cuci ta ƙasa? Kuma me ake nufi da kula da fadama ta bai-ɗaya da muke ji a tarurruka?

Ɗan'uwa, takardu kam akwai su, kuma wasunsu sun girmi iyayen wasu masu karatunmu. A 1964 Kamaru da Chadi da Nijar da Nijeriya suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a birnin da yanzu ake kira Njamena, kuma a 2012 shugabannin ƙasashen hukumar suka amince da kundin ƙa'idojin ruwa na tafkin da kogunan da ke shiga cikinsa. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda a ƙarƙashinta aka sa hannu a kan yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 game da raba ruwan koguna huɗu da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu. Komadugu Yobe na ciki, haka ma kogin da ke ƙofar gidanka. Gulbin Maraɗi misali ne mai kyau ga ɗalibin shari'a, domin a ƙasar Katsina yake tasowa, inda madatsar Jibiya take a kansa, ya shiga Nijar ta Madarunfa da Maraɗi, sa'an nan ya sake komowa Nijeriya ya haɗu da Rima. A kan kogi ɗaya Nijeriya ce ta sama kuma ita ce ta ƙasa, don haka duk abin da ta aika, wani kasonsa gida zai dawo. A cikin Nijeriya kanta, jihohi shida da kogin Yobe ya shafa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, sun amince a 2006 da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi.

Ruhin waɗannan takardu guda ne: a yi amfani da ruwa bisa adalci, kada a jawo wa maƙwabci babbar cuta, kuma a sanar da shi kafin a fara aikin da zai taɓa shi. A ganina rauninsu shi ne sun fi ba da ƙarfi ga yawan ruwan da kowa zai samu, batun ingancinsa da lokacin isowarsa kuwa yakan zo daga baya, alhali ga mai fadama ruwan da ya zo a watan da bai dace ba bai da bambanci da wanda bai zo ba.

Kula ta bai-ɗaya kuwa ma'anarta a daina kallon kogi gunduwa-gunduwa. A halin yanzu injiniyan madatsa yana tunanin noman rani, ma'aikatar gona tana tunanin taki, ta muhalli tana tunanin tsuntsaye, ta lafiya tana tunanin kwalara, kowa da ofishinsa da kasafinsa, kuma ikon kowa yana ƙarewa a iyakar jiharsa ko ƙasarsa. Abin da ake nema shi ne jadawali ɗaya na buɗe ƙofofin Tiga da Challawa wanda zai kwaikwayi ambaliyar damina gwargwadon hali, ya kuma bar wasu hanyoyin ruwa su bushe da rani don a samu damar yanke kacala a ƙone ta. Da ma'aunai a Wudil da Haɗeja da Gashuwa da Diffa waɗanda ake karanta su a kai a kai, ana musayar alkalumansu. Da mizani ɗaya na gwajin ruwa, don kada abin da aka ce guba ne a wannan gaɓa ya zama halal a waccan. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa idan aka haɗa amfanin gona da kifi da itace, abin da ruwa ke samarwa a fadamar Haɗeja da Nguru ya ninka abin da ruwa daidai wannan adadi ke samarwa a gonakin ban-ruwa na Kano, kuma ba su ma sa aikin tace ruwa da cika rijiyoyi a lissafin ba. Idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, manyan motoci ne ke tsayawa, kogin yana wucewa abinsa, saboda haka bai kamata musayar alkaluman ruwa ta dogara da daɗin dangantakar shugabanni ba.

An gwada irin wannan a wasu wurare an ga amfaninsa. Mafi kusa da mu shi ne fadamar Logon a arewacin Kamaru, kogin da ya raba Kamaru da Chadi. Madatsar Maga ta 1979 da gingimemen bangon ƙasar da aka yi a bakin kogin saboda noman shinkafa sun hana ambaliya isa fili, kifi ya ragu, ciyawar kiwo mai daɗewa ta mutu, namun dajin Waza suka shiga wahala. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da bangon ya toshe, ruwa ya sake shiga wani sashe na fadamar, kuma cikin 'yan shekaru masunta da makiyaya suka fara komawa. A Turai, gobarar da ta tashi a wata ma'ajiyar sinadarai kusa da Basel ta ƙasar Suwizalan a 1986 ta zuba guba a Kogin Rayin, ta kashe kifi a tsawon ɗaruruwan kilomita, ta tilasta wa garuruwan Jamus da Holan rufe famfunan da ke jan ruwa daga kogin. Ƙasashen suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1950, amma sai bayan wannan masifa suka tsara shiri mai haƙora a 1987, kuma bayan ambaliyar 1993 da 1995 suka fara ja da bangayen kogin baya don mayar masa da fadamunsa. Kifin da ya ɓace daga kogin shekaru da dama ya dawo, ko da yake sun fara ne da tilasta wa masana'antu da birane tace ruwansu.

Tambaya ta biyar, daga wani masunci a Nguru, wanda ɗansa ya rubuta a madadinsa: Duk lokacin da aka ce za a kare fadama, mu talakawa ake fara kora. Wannan ma ba hanyar raba mu da sana'armu ba ce?

Baba, tsoronka yana da tushe, domin an sha killace wuri da sunan kariya ba tare da an tambayi masu ci daga gare shi ba. Amma yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta ƙasashen duniya kan kare fadamu, wadda Tafkin Nguru da hanyar ruwan Marma suka zama wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta, ba ta ce a kori kowa ba, amfani cikin hikima ta ce a yi. Fadamar nan da mutanenta ta ginu: ruwa ya zo masunci ya shiga, ya fara ja mai shinkafa ya girbe, ya bushe makiyayi ya shigo da shanunsa su ci kara su bar taki. Abin da ke ɓata ruwa shi ne a karya wannan jeri, a nome burtali da mashaya har shanu su rasa hanya sai ta cikin gona, ko a gitta dumba, wato shingen tarkon kifi, daga gaɓa zuwa gaɓa ta tare ciyawa da laka har hanya ta toshe, ko a zuba gamalin, maganin kashe ƙwari, a tafki don a kwashe kifi a yini ɗaya, a kashe har da ƙwai, a bar wa mata ruwan da za su ɗiba da safe. Waɗannan ba jami'in da ke Abuja ko Yamai ne zai hana su ba, sarkin ruwa da mai unguwa da arɗo ne suka san wanda ya yi da daren da ya yi.

Abin da ya kamata ku nema ta bakin ƙungiyarku shi ne kujera a wurin da ake tsara jadawalin sakin ruwa, da sa hannunku a zaɓen hanyoyin da za a fara yashewa, domin kun fi injin haƙa sanin inda ruwa ke bi a da. Ku kuma nemi a riƙa sanar da ranar buɗe ƙofofin madatsa a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Badanci, da isasshen lokacin da mai koma zai kwashe komarsa, mai injin ban-ruwa a Gaidam ko Diffa kuma ya janye injinsa da tiyonsa zuwa tudu.